Iska da Wutar Gida: Tarihin Farfela Daga Sistan Zuwa Kwarin Binuwai



Duk shekara idan bazara ta kama a Garwa, zafi ya haura digiri 40, ruwan Lagdo ya ja baya, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, sai wani hoton bidiyo ya fara yawo a wayoyin jama'a. Wani mutum ne a wata ƙasa ya kafa 'yar farfela a kan rufin gidansa, tana ta juyawa, ga firji yana aiki, ga fanka, ga talabijin. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa wat 1000 take bayarwa, wani lokaci ma 3000, kuma ba ta shan mai ko ɗigo. Magidancin da ya kwana yana yi wa 'ya'yansa fifita a tsakar gida, a Hausari ne ko Yelwa ko Rumde Ajiya, ba za a ga laifinsa ba idan gari ya waye ya fara lissafin abin da zai aika wa ɗan'uwansa a Duwala ko Kano a sayo masa irinta. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, domin kafin a haɗa farfelar da batir da ƙarfen da za a ɗora ta a kai, an ci ribar fataucin watanni.

Wannan na'ura ta shekara fiye da 130 tana haska gidaje a wasu sassan duniya, kakarta mai niƙa hatsi kuma ta haura shekara 1000. Ta yi tashe a wasu wurare, ta mutu murus a wasu. Ya kamata mu san dalilin hakan kafin kowa ya buɗe lalitarsa.

Bahaushe ya daɗe da sanin iska, sai dai bai taɓa ɗaukarta abin dogaro ba, kuma harshenmu shaida ne. Maganar da ba ta da tushe zancen iska ce. Dukiyar da ta salwanta an ce ta bi iska. Yaron da ya ƙi jin magana ɗan iska ne, masu bori kuma iskoki suke kiran waɗanda ke hawa kansu. Aiki guda muka ba ta a gona, shi ne shiƙa: bayan sussuka mata su ɗaga ƙwarya sama, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zube ƙasa. Ko a nan ma sai an zauna jiran ta. Niƙa da dutse aka yi shi, daka da turmi, ban-ruwa da jigo, wutar maƙera da zugazugi. A ganina wannan ba rashin dabara ba ne. Mutanen da suka gano yadda ake narka tama a fitar da ƙarfe, suka haƙa rijiyoyi masu gaba ashirin, da iskar ƙasarsu mai cika alkawari ce da sun sa ta aiki.

Inda aka fara sa ta aiki sosai shi ne Sistan, yankin da ke kan iyakar Iran da Afganistan a yau. A can akwai wata iska da mutanen wurin ke kira iskar kwana 120, wadda ke tasowa daga arewa tun daga ƙarshen watan Mayu har zuwa Satumba, ba dare ba rana, kuma daga fuska guda. Sai suka gina bangaye na laka masu tsawo, suka bar tsaga a gefen da iskar ke shigowa, suka tsayar da gungumen itace a tsakiya da fukafukai na katako ko tabarmar kara, dutsen niƙa kuma yana haɗe da gungumen. Masana ƙasa na Musulmi a ƙarni na 10, irin su Istakhri da Mas'udi, sun ambaci waɗannan maniƙai a littattafansu. Har yau akwai ragowarsu a tsaye a garin Nashtifan. Malaman tarihi ma sun kawo labarin cewa Abu Lu'lu'a, bawan nan Bafarishe da ya soki Sayyidina Umar (RA) a shekara ta 23 bayan Hijira, wato 644, ya taɓa cewa zai iya ƙera maniƙar da iska ke juyawa. Masu bincike na zamani suna taka-tsantsan da wannan ruwaya saboda an rubuta ta ne ƙarnoni bayan faruwar abin, amma ta nuna cewa tun da wuri Larabawa da Farisa suke danganta wannan sana'a. Abin lura shi ne, duk faɗin daular Musulunci, daga Andalus har Indiya, a wannan lungu mai iskar kwana 120 sana'ar ta fi kafuwa. Masar da Sham da Iraƙi sun ci gaba da dogara da ruwa da dabbobi.

Maganar lantarki kuwa sai a 1887. A shekarar ne wani malamin jami'a a Sukotland, James Blyth, ya kafa injin iska mai fukafukan zane a lambun gidansa da ke ƙauyen Marykirk, ya cika batura, ya haska ɗakunansa. An ruwaito cewa ya yi wa mutanen ƙauyen tayin rarar wutar domin a haska babban titinsu, suka ƙi, wai aikin shaiɗan ne. Ashe ba mu kaɗai ba ne muka haɗa iska da iskoki. A daidai wannan lokaci wani attajiri a birnin Cleveland na Amurka, Charles Brush, ya gina wata ƙatuwa mai fukafukai 144 da faɗin mita 17, wadda duk girmanta kilowat 12 take bayarwa. Daga 1891 kuma Poul la Cour a Denmark ya shiga gwaje-gwajen da suka tabbatar da cewa fukafukai kaɗan masu saurin juyawa sun fi tarin masu nauyi amfani wajen lantarki.

Zamanin da farfelar gida ta yi tashe na gaskiya shi ne daga shekarun 1920 zuwa 1940, a filayen tsakiyar Amurka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba itace, iska tana kaɗawa shekara a zagaye, gonaki kuma suna nesa da juna. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya cikin 10 ce kawai take da wutar kamfani a ƙasar. Wasu 'yan'uwa biyu makiyaya a Montana, Marcellus da Joe Jacobs, suka fara gwaji da farfelar jirgin sama, daga baya suka ƙera tasu mai fukafukai uku, suka buɗe masana'anta a Minneapolis, suka sayar da dubbai. Ƙarkon injinsu ya zama abin labari, har aka ce wanda aka kai Antatika a 1933 an koma bayan shekara 20 da ɗoriya aka tarar yana juyawa. Masu ƙaramin ƙarfi kuma suna sayen wata 'yar ƙarama mai suna Wincharger, wadda kamfanin rediyo na Zenith ke haɗa wa manoma da akwatin rediyo, domin cika batir a ji labarai da farashin hatsi.

Abin da ya kashe wannan kasuwa gwamnati ce. A 1935 Shugaba Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara, a 1936 aka yi mata doka, aka ba ƙungiyoyin manoma rance mai sauƙi suka ja waya gona-gona. Da wayar ta iso, manomi ya ga zai iya kunna injin tatsar madara da tsakar rana ba tare da ya dubi sama ba, sai ya sauke farfelarsa ya jefa bayan rumbu. Kafin ƙarshen shekarun 1950 masana'antar Jacobs ta rufe. Daga baya abin ya sake tashi a Mongoliya ta Ciki, a arewacin Sin, inda daga shekarun 1980 makiyaya masu zama a tantuna suka sayi ƙananan farfeloli fiye da 100,000, akasarinsu na wat 100 zuwa 300. Can ma fili ne fetal mai iska, ba waya, hukuma kuma ta rage musu farashi ta buɗe wuraren gyara da sayar da kayan canji a kusa da su. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ba a cika faɗa ba idan ana ba da labarin.

A ƙasar Hausa ta hanyar ruwa aka fara saninta. A shekarun 1960 an kafa famfunan iska a kan rijiyoyin wasu ƙauyuka na lardunan Sakkwato da Kano, irin masu tarin fukafukan kwano da wutsiya, samfurin da ya samo asali daga injin da Daniel Halladay ya ƙirƙiro a Amurka a 1854. Sun yi aiki na ɗan lokaci, sa'annan ɗaya bayan ɗaya suka tsaya, yawanci saboda ƙaramin abu: fatar famfo ta cinye, ko mai ya ƙare a akwatin giya, ba wanda aka ɗora wa alhakin hawa ya duba. Daga baya Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa injin lantarki na kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada a Jihar Sakkwato. Kusan duk takardar da aka rubuta a kan iska a Nijeriya sai ta ambaci wannan ƙauye, abin da ke nuna ƙarancin irinsa.

Babban yunƙuri shi ne na Lambar Rimi a Jihar Katsina. Tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, a wajen 2005, aka faro maganar, da ya zama shugaban ƙasa gwamnatin tarayya ta karɓi aikin. An tsara farfeloli 37, kowace mai kilowat 275, jimla megawat 10, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa. Injinan kamfanin masu fukafukai biyu ne, kuma ana iya kwantar da su ƙasa idan za a yi gyara ko ana tsoron guguwa, dabarar da ta dace da ƙasar da ba ta da manyan motocin ɗaga kaya. Ranar 19 ga Disamba 2012 'yan bindiga suka afka wa gidan da injiniyan kamfanin, Francis Collomp, yake zaune a garin Rimi, suka tafi da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta ɗauke shi. Sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuce musu a Zariya, ya tari ɗan acaɓa ya kai shi ofishin 'yan sanda. Aikin ya tsaya cik, kaya suka yi ta lalacewa a fili, aka shafe fiye da shekara 10 ana sanya ranar buɗewa ana ɗagawa. Katsina tana da iska gwargwado, tana cikin wuraren da suka fi kowane a Nijeriya tare da Sakkwato da tsaunin Jos. Abin da ya ci Lambar Rimi tsaro ne da kuɗi da riƙon sakainar kashi.

To, mu dawo gida. Tarihin wutar arewacin Kamaru tarihin kogi ne. Kafin Lagdo, Garwa da Marwa da Ngaundere da injinan dizal suke samun wuta, man kuwa daga nesa ake kawo shi. Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1971, ya ziyarci ƙasar a 1973, kuma daga 1977 zuwa 1982 Sinawa suka datse Binuwai a Lagdo, tafiyar kamar awa guda a mota kudu maso gabas da birni. Injina huɗu aka sa, kowane megawat 18, jimla 72. A lokacin wannan wuta ta yi wa arewa yawa. Masaƙar CICAM da injinan gurzar auduga na SODECOTON da gidajen manyan garuruwa duk sun sha, har da saura. Madatsar ta sauya rayuwar kogin baki ɗaya: masunta suka kwararo daga ko'ina, Hausawa da Kotoko da Musgum da sauransu, 'yan'uwanmu na Yola da Numan da Makurɗi kuma suka shiga zaman ɗar-ɗar duk damina, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022, tunda madatsar Dasin Hausa da aka ce Nijeriya za ta gina domin tare rarar ruwan ba a gina ta ba.

Sai dai mutane sun ƙaru, madatsa ba ta ƙaru ba. Ƙidayar 1987 ta sami mutum kimanin 142,000 a Garwa, ta 2005 ta sami kimanin 236,000, kuma kowa ya ga yadda birnin ya bazu tun daga lokacin. Kamfanin wuta ya sauya hannu da suna, daga SONEL ta gwamnati zuwa AES-SONEL a 2001, zuwa Eneo a 2014, amma jihohi uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suna rataye a kan injina huɗun nan na 1982, kuma layinsu bai haɗu da na kudu ba. Rairayi yana cike tafkin, rana tana shanye ruwan, injinan suna tsufa. Daminar 2020 ba ta cika tafkin ba, sai 2021 ta zo da ɗaukewar wuta irin wadda mutane ba su manta ba. A lokacin ne aka kwaso injinan dizal daga Ahala ta Yawunde aka kawo Jambutu da Ngaundere, ga kuma gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka tana tafe, wadda a Janairun 2022 ta kawo Nijeriya da Masar filin Rumde Ajiya. Madatsar Bini a Warak kusa da Ngaundere, mai megawat 75, ta daɗe a tsaye. Layin da zai kawo wutar Nachtigal daga kudu ya ratsa ta nan har Njamena kuwa, Bankin Duniya ya amince da kuɗinsa tun 2020, ana jira.

Duk wanda ya dubi wannan zai ce ai mun zama manoman Amurka na 1930: waya ba ta isa ba, inda ta isa ma ba ta da tabbas. Gaskiya ne, amma da sauran magana, domin su suna da abin da ba mu da shi.

Garwa a cikin kwari take. Tsayinta daga teku bai wuce mita 200 da 'yan kai ba, ga tsaunin Tingilin ta arewa, ga duwatsun Alantika can kudu maso yamma. Abin da ya sa zafi ke zama a cikinta kamar tanda shi ne ya sa iska ba ta ratsa ta yadda ya kamata. Malaman jami'o'in Dschang da Marwa sun yi nazarin alƙaluman tashoshin auna yanayi na shekaru masu yawa, kuma abin da suka samu shi ne matsakaicin gudun iska a Garwa, a tsayin mita 10, bai kai mita 3 a sakan ba. Kuseri da filayen da ke kusa da Tafkin Cadi sun ɗan fi haka. Akasarin ƙananan farfelolin kasuwa kuwa sai iska ta kai mita 3 a sakan suke fara ba da wuta, adadin da aka rubuta a jikin kwalinsu kuma sai a mita 11 ko 12 suke kai shi.

A nan ne lissafi yake da zafi, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni na ɗan lokaci. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake sau takwas, domin gudun ake bugawa da kansa har sau uku. Haka nan idan ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ke saura. Bayan wannan, wani Bajamushe mai suna Albert Betz ya nuna tun wajen 1920 cewa ba farfelar da za ta iya kama fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta, ƙananan na gida kuwa idan sun kama kashi 30 sun yi ƙoƙari. Mu ɗauki farfela mai faɗin mita 2, wadda ta fi tsayin dogon mutum. A iskar mita 12 za ta ba da wat 900 da ɗoriya, kusan abin da mai talla ya faɗa. A mita 6 sai ta koma wajen wat 120. A mita 3 kuwa wat 15 ne, abin da zai kunna ƙwai biyu na zamani ya cika waya. Ko ta yini ta kwana tana juyawa a haka, abin da za ta tara bai kai rabin kilowat-awa ba. Faifan sola guda na wat 300, a ranar Garwa, yana tara fiye da kilowat-awa ɗaya kafin la'asar sakaliya, ba ƙara ba motsi. Saboda haka mai talla bai yi ƙarya ba tsantsa. Iskar da ya yi alkawari da ita ce ba ta zuwa garinmu sai da hadari.

Wani zai ce, to hunturu fa? Ido ne yake yaudararmu. Ƙurar da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu akasarinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfin gaske ta kwashi busasshiyar ƙasar tsohon tafki. Can ne iskar take, shi ya sa aka kafa irin farfelolin Rimi guda huɗu a garin Amjaras na arewa maso gabashin Cadi. Kafin ƙurar ta iso kwarin Binuwai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma ranakun da hazo ya fi kauri sau da yawa su ne ranakun da ko ganye ba ya motsi. Iska mai ƙarfi da muke samu ita ce ta gaban hadari a farkon damina, wadda ke yaye kwano ta karya reshe cikin minti 20 ta wuce. Wannan ba ta cika batir, sai dai ta karya fukafuki, dogon ƙarfen da ke tsaye shi kaɗai a unguwa kuma shi tsawa ke nema. Masu iya magana sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara.

Akwai kuma wani abu da na ga ba a cika lura da shi ba. Darbejiyar da aka dasa a titunan Garwa da Marwa, wadda shirin Sahel Vert na zamanin Ahijo ya yawaita, ita ce rahamar waɗannan birane a bazara. Amma itacen da ke ba da inuwa shi ne ke karya iska. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce farfela ta ɗara duk wani itace ko gini da ke kusa da ita da kamar mita 9 ko 10. A unguwar da darbejiya ta kai mita 15, ana maganar hasumiyar mita 25 ke nan, da igiyoyin ƙarfe masu riƙe ta ta fuska huɗu, a gidan da ko wurin shanya ana rigima a kansa. Wadda aka ɗaura a kan rufi kuwa iska mai hargitsi take sha, ta waiga nan ta waiga can, girgizarta tana bin bango har ɗakin kwana, ƙura kuma tana cin boris ɗinta a hankali.

Da a 1990 muke wannan magana, da sai a ce a yi haƙuri da kaɗan ɗin, tunda ba wani zaɓi sai janareta, ko gurup kamar yadda muke cewa a nan. Amma tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya. Abin da wayar gwamnati ta yi wa farfelar Jacobs, shi sola ta yi wa ƙananan farfeloli a kusan duk ƙasashe masu rana. Hatta hukuma da ta tashi agaza wa Lagdo rana ta nufa: tashoshin Gidar da Marwa, waɗanda kamfanin Scatec na Norwe ya kafa, megawat 30 a haɗe tare da batura, an buɗe su a hukumance a Satumbar 2023. Ko William Kamkwamba, yaron nan na Malawi da yunwar 2001 ta fitar daga makaranta, ya haɗa farfela da dainamon keke da fankar tarakta da bututun roba ya haska ɗakinsa, har aka yi littafi da fim a kansa, da ya sami hali ya tashi kawo wa ƙauyensu ruwan sha, famfon sola ya sa.

Ban ce iska ba ta da gurbi a arewacin Kamaru ba. Manyan tashoshi suna cin riba a Afirka inda aka zaɓi wuri da awo, kamar Tafkin Turkana a Kenya mai megawat 310 da Taiba Ndiaye a Senegal mai kusan 159, kuma kafin a kafa ko ɗaya an shekara ana auna iskar wurin da dogayen sanduna. A wajenmu wuraren da suka cancanci irin wannan awo su ne ƙololuwar duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Rumsiki, inda ƙasa ta kai mita 1000, da buɗaɗɗun filayen Logon da Shari. Mai rugar da ke kan tudu a irin waɗannan wurare, idan ya haɗa 'yar farfela da sola, zai iya samun abin da sola ba ta bayarwa, wato caji da dare da kuma ranakun da hazo ya dushe rana. Na'urar auna iska ba ta da tsada, ɗalibin makarantar fasaha ta Jami'ar Marwa zai iya haɗa ta da kofuna uku da abin auna gudun keke. A ɗaure ta a daidai tsayin da za a sa farfelar, a riƙa rubutawa safe da rana da dare har shekara ta zagayo. Idan matsakaicin bai kai mita 4 zuwa 5 ba, kuɗin faifai da batir mai kyau ne.

Idan kuma wurin ya ci jarrabawa, ni da za a bi shawarata da ba a sayo ta kwali ba. Wani mutumin Sukotland, Hugh Piggott, wanda ke zaune a Scoraig inda babu wayar lantarki, ya shafe shekaru yana koyar da yadda ake ƙera farfela da hannu: fukafukai na katako da aka sassaƙa, maganaɗisu a jikin faifan ƙarfe, wayar jan ƙarfe da aka naɗa, cibiyar tayar mota a matsayin boris, da wutsiya mai naɗewa da kanta ta kawar da farfelar gefe idan iska ta yi yawa. An ƙera irinta a Senegal da Mali da wasu ƙasashe da dama. Duk abin da aikin ke bukata akwai masu shi a kasuwar Garwa: masassaƙa, masu walda, da masu naɗin koyil waɗanda kullum suke tayar da fanka da injin niƙa da suka ƙone. Abin da aka ƙera a gari, a gari ake gyara shi, kuma rashin wannan ne ya kashe famfunan Sakkwato.

Abin da binciken malaman Marwa ya fi karkata a kai game da Jihar Arewa shi ne ɗaga ruwa. Famfon iska mai tarin fukafukai ba ya bukatar gudu, ƙarfin murɗawa yake bukata, saboda haka iska mai laushi ma tana motsa shi. Ba ya bukatar batir, domin tanki shi ne ma'ajiyarsa: abin da ya ɗaga da tsakar dare yana nan da safe, ko iska ta kwanta. Ga masu lambun albasa a bakin mayo, wajen Pitowa da hanyar Marwa, da makiyayan da ke shayar da garke a rijiya da rani, wannan ya fi kusa da bukatarsu, ko da yake can ma famfon sola ya riga ya shiga gonaki yana neman kasuwar. Jikin famfon ƙarfe ne da kwano da bututu, sai wani abu guda da ke cinyewa duk bayan shekara ɗaya ko biyu, wato 'yar fatar da ke cikin silinda tana riƙe ruwa idan sanda ta ɗaga. Da fatar sa ake yin ta, a jeme, a jiƙa, a matse ta a cikin zubi ta ɗauki siffar ƙoƙo, aikin da dukawan Marwa za su gama kafin azahar.